Wanda Ya Sace Akun Kyaftin

Laraba, 4 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Na dawo daga asibiti. Minti arba'in suka ba ni, sai ka ce na je ganin fursuna. Wannan littafin a durowar yayana Duilio na same shi, sabo fil, ko layi ɗaya bai rubuta ba. Tunda ya saya ya ajiye, ni zan ɓata masa shi. In ya dawo ya yi faɗa.

Kalmar da likita ya faɗa ba zan rubuta ta a nan ba. Abin da idona ya gani kawai zan rubuta. Hannunsa na dama yana yashe a kan bargo kamar ba nasa ba, bakinsa ya karkace gefe guda, ido ɗaya yana bina duk inda na yi. Na ce, "Yaya, ni ce, Ondina." Ya dube ni. Mutumin da a shekara saba'in da huɗu bai taɓa barin wani ya kai ƙarshen zancensa ba, yau ko uffan.

Na goge ƙasan kicin sau biyu tun ranar Litinin, har yanzu ina kewaye wurin da ya faɗi in zan wuce. Babi na tara yana cikin tafireta, an tsaya a rabin shafi.

Alhamis, 5 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Bari in rubuta yadda muke aiki, don in kaina ya ɗauki zafi in dawo in karanta, in tabbatar ba hauka nake ba.

Littafi goma sha ɗaya muka yi ni da yayana, duk na yara, duk a kan jirgin ruwa ɗaya, Santa Fosca, wanda babu shi ko'ina sai a cikin kawunanmu. Daga nan Trieste yake tashi zuwa Ajantina, kullum a shekarar 1932. A ciki akwai Mirta, 'yar mai wankin jirgin, shekararta goma sha ɗaya, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Duk tafiya sai an yi wata ɓarna, ita kuma ta gano wanda ya yi. Ni ke rubutun, don shekara talatin da biyar na yi ina koyar da 'yan firamare, na san daidai inda yaro yake fara hamma. Duilio in ya haɗa jimla biyu sai sun yi faɗa da juna. Amma shekara talatin da takwas ya yi yana kai wa fasinjoji abinci a manyan jirage, babu lungun da bai sani ba.

Shi ke riƙe sunan mai laifin, kuma ba ya faɗa mini. Kullum da safe muna shan kofi sai ya ba ni abu ɗaya in sa a babin da nake kai. In na ce don me, sai ya ce, "Ke dai sa, Malama." Wai in mai rubutu ya san ɓarawo, alƙalaminsa zai riƙa harararsa, yara su gane tun babi na uku. Sai na gama babi na goma, ranar Lahadi mu hau bas mu je Barcola cin soyayyen kifi, in canka, in kasa, ya yi mini dariya har ya ƙware, sannan ya faɗi sunan. Wanda ya sha kaye shi ke wanke kwanuka mako guda. Sau goma sha ɗaya ina wankewa.

A wannan na goma sha biyun, an sace akun kyaftin daga ɗakin cin abinci ana tsakiyar guguwa. Ban san wa ya sace ba. Mutum ɗaya ne ya sani a duniya, yana gado na shida.

Ina so littafin nan ya ƙare da amsarsa, ba tawa ba, kuma in karanta masa ƙarshen yana ji. Abin da nake so ke nan.

Juma'a, 6 ga Nuwamba, da azahar

Bora, iskar nan tamu mai kayar da mutum, ta taso tun asuba. An ɗaura igiya a kwanar titi, na bi ta ina riƙewa har tashar bas, ni da wasu tsofaffi biyu, kamar tumaki a layi. Duilio yana nan yadda yake.

Asabar, 7 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Maƙwabciyata Nerina ta hawa na uku ta kawo miyar wake da kabeji. Matar kirki ce, amma bakinta ba shi da birki.

"Ondina, 'yar uwa, ki ci wani abu, kin koma kamar tsintsiya. Ai mijin ƙanwata ma haka abin ya same shi, yana ɗaure takalmi. Shi kam mako uku kawai ya yi, sai—"

Na ce, "Nerina, miyarki ta yi gishiri."

Ban ma ɗanɗana ba a lokacin. Ta tafi ranta a ɓace. Da ta rufe ƙofa sai na ji dama ta tsaya ta ci gaba da surutun, ko na mijin ƙanwar ne. Gidan nan ɗaki uku ne kacal, ban taɓa sanin yana da faɗi haka ba. A tsaye na ci, a gaban tukunya.

Litinin, 9 ga Nuwamba, ƙarfe uku da rabi

Akwai wata nas, Loredana, doguwa, mai magana kamar tana ba da oda a bariki. Ita ta nuna mini.

"Mama, hannun hagu lafiyarsa lau. Riƙe shi ki yi tambaya. In e ne ya matsa, in a'a ne ya bari. Ko ba haka ba, Baba?"

Ya matsa.

Na tambaye shi ko yana jin zafi, shiru. Ko yana jin yunwa, shiru. Ko kofin asibitin nan ruwan wanki ne, sai ya matsa har yatsuna suka yi ƙara. Na yi dariya mai ƙarfi har mutumin gado na biyar ya farka. Yau na ji daɗi, rabona da jin haka tun kafin Litinin ɗin can.

A bas na tuna. In yana iya cewa e, ai yana iya ba ni sunan.

Talata, 10 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu

Na tafi da takarda, na rubuta mutum ukun da zargi ya faɗa kansu. Madam Zora, mawaƙiyar da za ta je waƙa a Buenos Aires. Bassi, ɗan kasuwar kofi mai ƙaton ciki. Sai Tomasi, mataimakin kyaftin.

Na ce, "Yaya, na san ba mu kai babi na goma ba, kuma ba Lahadi ba ce, kuma babu kifi. Amma ka yi haƙuri ka karya doka sau ɗaya. Zan kira suna, in na zo kansa ka matsa."

Na kira Zora. Na kira Bassi. Na kira Tomasi. Na sake daga farko a hankali, kamar ina kiran rajista. Hannun yana cikin nawa da ɗuminsa, bai motsa ba. Sai ya zare shi, ya juya fuska bango.

Taurin kai. Tun muna yara haka yake, in ya ɓoye abu ko Mama ta ɗauko muciya ba ya fitarwa.

Laraba, 11 ga Nuwamba, da yamma

Na sake tambaya. Bango.

Juma'a, 13 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Editanmu, Pellizzari, ya bugo waya daga Milano. Ya yi jaje na minti ɗaya, sannan ya shiga abin da ya kawo shi.

"Malama Ondina, ki zaɓi ɗaya kawai cikin ukun ki rufe littafin. Yara ba za su sani ba."

Na ce, "Ni zan sani."

"Ai ke ce mai rubutun."

"Ni ce hannu. Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin hannu ya yi shawara shi kaɗai?"

Ya ce zai sake kira. Ya kira ko kada ya kira.

Bayan nan na yi abin da ban taɓa yi ba, na birkice ɗakin Duilio. Na ce ba mamaki ya rubuta sunan a wani wuri. Na sami takardun jerin abinci na jirage tun na kafin yaƙi, ɗaure da zare. Na sami maɓallan farar rigar aikinsa a cikin gwangwani, da hotunan mutanen da ban sani ba suna ɗaga hannu a bakin tasha. Babu suna. Na mai da komai yadda yake, sai dai gadon da na zauna a kai na kasa tashi har aka buga ƙararrawar coci.

Lahadi, 15 ga Nuwamba, ƙarfe biyu

Na je coci, na zauna a baya, na fita kafin a fara gaishe-gaishe. Ba na son a tambaye ni.

Wasiƙun yara sun taru a akwatin ƙasa. Duilio ne yake karanta su da ƙarfi yana kwaikwayon muryoyi. Na buɗe ɗaya kawai. Wata yarinya daga Udine ta ce ta gano ɓarawon littafi na bakwai tun a babi na takwas, tana so ta san ko Mirta tana da ƙawa, don ta lura kullum ita kaɗai take yawo a jirgin. Ban taɓa lura ba. Littafi goma sha ɗaya, ban ba yarinyar nan ƙawa ko ɗaya ba.

Daga tagar kicin ana hango teku tsakanin gidaje biyu. Babu jirgin fasinja ko ɗaya yanzu, sai na mai.

Kewarsa nake ji. Kewar faɗan da muke yi a kan taga, shi ya buɗe ni in rufe.

Talata, 17 ga Nuwamba, ƙarfe biyar

Yau na yi abin kunya. Na fito da takardar, yana ganinta ya rufe ido. Sai zuciya ta ɗebe ni.

Na ce, "Ko a nan ma sai ka ja mini rai? Matsa hannu kawai, me zai rage ka? In ka tafi da shi fa? Ka bar ni da aku da mutum uku a tsakiyar teku?"

Na faɗi kalmar tafiya a gabansa. Hawaye ya gangaro daga idon nan ɗaya ya shiga kunnensa.

Loredana ta ja ni waje, ta tsare ni a jikin bango.

"Mama, zan faɗa miki gaskiya ko za ki ji haushi. Duk ranar da kika zo da takardar nan, Baba ba ya cin abincin yamma. Ban san me ke ciki ba, ba kuma ruwana. Amma in na sake ganinta, ni da ke ne."

Yarinyar da na isa in haifa. Na sunkuyar da kai na ce to.

Laraba, 18 ga Nuwamba, tun safe har azahar

Tunda ba zai faɗa ba, zan nemo da kaina yadda Mirta take yi. Na baje babi takwas ɗin a kan tebur, na ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya ce in sa. Agogon Tomasi ya tsaya. Bassi yana tsoron kyanwa. A babi na shida, bayan guguwa, an ga hannun rigar Madam Zora a jiƙe daidai gwiwar hannu, alhali ta ce tana kwance a ɗakinta tana amai tun safe. Ni na rubuta duk wannan da yatsuna, amma kamar wani yare nake karantawa. Ni ko ɗan jirgin da ke zuwa Muggia nan kusa na shiga sai kaina ya juya.

Saura mutum ɗaya da zan tambaya: Libero, tsohon kukun jirgi, abokin Duilio. Ba na son mutumin. Shekara arba'in ina cewa shi ya koya wa yayana zaman mashaya.

Alhamis, 19 ga Nuwamba, ƙarfe ɗaya

Na same shi a mashayar bayan tsohuwar tasha, shi da wasu tsofaffin jirgi uku suna karta. Yana hango ni ya buga tebur.

"Ku miƙe tsaye, yara, Malama ta shigo aji!"

Na ce, "Zauna kafin ka faɗi, Libero. Ƙarfe goma na safe kana warin giya."

"Magani ne, likita ya rubuta. Yaya mutumina?"

"Da ka je ai da ka gani."

Sai dariyar ta ɗauke. Ya kife kartarsa, ya ja ni wani tebur a lungu.

"Ba zan iya ba, Malama. Shekara ashirin muna ɗaki ɗaya a ƙasan jirgi, shi a gadon sama ni a na ƙasa, bai taɓa barina na runtsa ba don surutu. In je in same shi shiru? A'a. Ki zage ni, na yarda."

Ban zage shi ba. Na fito da babi na shida na nuna masa layin. Ya sa tabarau, ya karanta yana motsa leɓe.

"Gwiwar hannu a jiƙe, ana guguwa? Haba Malama, wannan ai ko mai wanke kwanuka ya sani. In teku ta haukace, masu hidima sukan yayyafa wa zanen tebur ruwa har ya jiƙe, don faranti da kofuna su kama, kada su zame. Duk wanda ya zauna ya dafa teburin, sai gwiwar hannunsa ta sha ruwa. Matar nan ƙarya take shararawa. Ba a ɗaki take ba, ta shiga ɗakin cin abinci."

Na ji kamar in rungume shi, da warin giyar da komai. Na ce, "To ita ce! Ita Duilio yake nufi!"

Ya cire tabarau ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Yake nufi? Duilio? Malama, ke da gaske ba ki sani ba?"

"Ban san me ba?"

"Yayanki bai taɓa sanin ɓarawo ba. Ko sau ɗaya. Duk abin da ya tuna na jirgi shi yake watsa miki, kamar mai zuba wa kaji tsaba. Ke kuma ki tsince, ki ɗinke su tsaf. Duk shekara kina gama babi na goma, sai ya saci takardunki ya zo nan, wannan teburin da kike kai, gumi yana keto masa, ya ce, 'Libero, na shiga uku, Lahadi ta matso.' Mu yi kwana biyu muna karantawa. Mu fitar da mutum biyu da za su iya zama. Ya je ya ji wanda kika canka, ya ba ki ɗayan."

Na ce, "Don me?"

"Ya ce ke sai kin ga an ja layi kike tafiya, in kika san babu amsa a ƙasa ko shafi ɗaya ba za ki rubuta ba. Wannan shi yake faɗa." Ya juya kofinsa a kan tebur. "Amma tsakanina da ke, tsoro yake ji. In kika gane kina iyawa ke kaɗai, shi me zai riƙa yi da safe?"

Na tattara takarduna. Ya ce in gaishe shi. Na ce ya je ya gaishe shi da kansa, ƙafarsa ba ta karye ba.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Shekara goma sha ɗaya. Tsohon maƙaryaci.

Juma'a, 20 ga Nuwamba, da hantsi

Ban je ba yau. Haushin ya wuce tun jiya, abin da ya bari ya fi shi ciwo.

Mako guda ina tsaye a kansa da takarda ina neman abin da babu. Ba taurin kai ne ya juya fuskarsa bango ba. Kunya ce, ga shi ba shi da bakin da zai shirga mini wata ƙarya ya zille yadda ya saba. Da ya so, da ya matsa a kan kowane suna ya huta da ni. Bai yi ba. Wataƙila ya ga ƙarya a wannan gadon daban take da ƙaryar wurin cin kifi.

Ni da nake alfaharin na san fuskar yaron da bai yi aikin gida ba tun daga bakin ƙofa, na kasa karanta fuskar yayana.

Asabar, 21 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu

Na shiga hannu sake, na nuna wa Loredana tafukana ta ga babu takarda.

Na zauna na ce, "Yaya, na je wurin Libero."

Idon ya buɗe sosai.

"Mako goma sha ɗaya na wanke-wanke nake binka. Kana tashi za ka fara, har da tukwanen Nerina."

Rabin fuskarsa da ke aiki ya motsa. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa kamar buta ta fara tafasa, na tsorata, sai na gane dariya yake. Na yi ta dariya ni ma, har ta koma kuka, na kifa kaina a kan bargon. Ya ɗora hannun hagu a kan gashina. Rabon da ya yi haka tun ranar da aka binne mijina.

Da na share fuska na ce, "To ka ji sabuwar doka. Wannan karon ni ke riƙe da sunan, kai za ka canka. Kullum zan karanta maka babi ɗaya tun daga farko. In mun kai, ranar Lahadi, ka faɗa. Ka yarda?"

Ya matsa.

Laraba, 25 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Rubutu yana gudu. Na gama na tara, na shiga na goma. Na kuma gano dalilin Zora, ina yanka albasa ya zo mini. Muryarta ce ta fara mutuwa, tana shiga ɗakin cin abinci in babu kowa tana gwada waƙa, akun ya ji, ya fara kwaikwayon yadda muryar take tsinkewa. Ta ji tsoron ya tona ta a gaban fasinjoji. Ba ta kashe shi ba, a akwatin huluna ta ɓoye shi.

Duilio ya ci rabin farantin miya jiya. Muna babi na huɗu. In na karanta wurin da ba ya so yakan ja hannun rigata, har yanzu sai ya yi gyara.

Asabar, 28 ga Nuwamba, da yamma

Sun mai da shi wani ɗaki shi kaɗai a ƙarshen baranda. Sun ce don ya fi samun hutu. Ƙirjinsa yana ƙara. Na karanta babi na bakwai, ya yi barci a shafi na uku, na ci gaba har ƙarshe.

Na ga hular Libero a kan kujera. Ashe ya zo da safe, ya manta ta.

Litinin, 30 ga Nuwamba

Babi biyu na karanta yau. Sauri nake, ban san wa nake tsere da shi ba. Na sani.

Laraba, 2 ga Disamba, ƙarfe goma sha biyu

Na gama littafin duka, har babi na goma sha biyu, ni kaɗai. Na zauna ina jiran in ji daɗi, bai zo ba. Babu wanda zan miƙa wa shafin ƙarshe ya ce ya yi tsawo.

Mun kai babi na goma a karatu. Sai Lahadi. Zan sayi kifi a naɗe a takarda, ko ƙamshin ne ya ji.

Alhamis, 3 ga Disamba, ƙarfe biyar

Loredana ta raka ni har bakin bene, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta yi muryar bariki ba.

"Mama, wasan nan da kuke yi ke da Baba. Kada ki jira Lahadi."

Na ce doka ce, sai Lahadi. Ta ce, "Mama."

Juma'a, 4 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Na sayi kifin da safe. Mai kifi ya ce yau da wuri haka, na ce yau Lahadi ce a gidanmu.

Na buɗe takardar a kan durowar gefen gado, ɗakin ya cika da ƙamshi. Idonsa a rufe, numfashin yana hawa yana sauka da ƙyar. Na kama hannun, ya yi sanyi.

Na ce, "Yaya, mun iso Barcola. Ga kifi. Canka."

Na kira Tomasi. Shiru. Na kira Bassi. Shiru. Na dakata, na gyara murya, na ce, "Madam Zora." Na jira. Na ƙirga numfashinsa har goma. Na sake kiranta. Hannun bai motsa ba.

Ban iya tsayawa a nan ba. In na tsaya, shi ke nan an gama. Sai na ci gaba da kiran duk wanda ke cikin jirgin. Kuku. Mai kaɗa ƙararrawar abinci. Uwar Mirta. Fadan cocin da ke tafiya da 'yan ƙaura. Mai kula da fitilu. Pino mai aski.

Ya matsa.

Ba da ƙarfi ba, amma matsawa ce, yatsu uku. Na sake cewa, "Pino mai aski?" Bai sake ba. Ko ya ji ni, ko hannun ne kawai ya motsa, ko kuwa tsiyarsa ce ta kullum, ya ji inda muryata ta karkata ya zaɓi wani, ban sani ba.

Na sunkuya daidai kunnensa na ce, "Ka canka, Yaya. Shi ne. Yaya aka yi ka gane? Ni zan wanke kwanukan."

Babin ƙarshe yana cikin jakata. Ban fito da shi ba.

Lahadi, 6 ga Disamba, da safe

Yau ba sai na hau bas ba. Ranar San Nicolò ce, yara sun cika titi da kyaututtukansu, ina jin su ta taga. A buɗe na bar ta.

Laraba, 9 ga Disamba, ƙarfe uku

Mu goma sha huɗu ne a jana'izar Yaya. Libero ya ɗaura taye a wuya, ba ya warin komai. Nerina ta riƙe mini hannu tun daga farko har ƙarshe, ba ta ce kanzil ba.

Alhamis, 10 ga Disamba, ƙarfe bakwai na safe

Pellizzari ya bugo jiya. Na ce masa littafin bai ƙare ba, kada ya sa rai kafin bazara. Ya ce ai ya ɗauka saura kaɗan. Na ce ni ma haka na ɗauka.

Na cire babi na goma sha ɗaya da na goma sha biyu na sa a durowa. Na sake karanta na biyar. A daidai lokacin da akun ya ɓace, Pino yana shagonsa a can ƙasan jirgi, bene uku tsakaninsa da ɗakin cin abinci, yana rarrafe yana tsince almakasai da rezojin da guguwa ta watsar. Kuma wa ke taya shi? Mirta da kanta. Shafi huɗu cur suna tare, har ya ba ta alewa. A duk jirgin babu wanda ya kai shi wankakkiyar shaida, ni na rubuta masa ita da hannuna.

Ba zan taɓa babi na biyar ba, haka Duilio ya ji shi. Sai dai in nemo hanya, kuma ta zama hanyar da yarinyar Udine ba za ta ce an yi mata wayo ba. Na yi awa guda ina kallon shafin, ko alamar ƙofa ban gani ba.

Na sa sabuwar takarda a tafireta. Mai askin ne. Ban san ta yaya ba tukuna.